Ƙidayar tsuntsaye a tabkin Madarunfa: aikin mai kaye da bik

Ƴan uwa manoma, masunta da makiyaya, darasinmu na wannan karo a kan tsuntsaye yake. Ba kaji ko zabin gida muke nufi ba. Tsuntsayen daji muke nufi, waɗanda ba su da mai su, ba wanda yake zuba musu tsaba, ba kuma wanda yake ƙirga su da maraice.

In mutum ya zauna da dattawa a bakin tabki, ya kawo zancen tsuntsaye, amsa ɗaya zai samu: da can sun fi haka yawa. Za a ce masa gauraka ya yi wuyar gani, ungulu kuma ta ragu a mahauta. Maganar dattijo abin saurare ce. Amma in aka ce: nawa ne a da, nawa ne a yanzu, kuma a wace shekara suka soma raguwa? Sai a yi shiru. Ba wanda ya rubuta. To, ga shi yau kun iya karatu, kun iya rubutu, kun iya lissafi. Wannan giɓi ku ne za ku iya cike shi.

Tabkin da duniya ta san da zamansa

Tabkin Madarunfa yana kudu da birnin Maraɗi, tafiyar kilomita 20 da ƴan kai. Ruwan gulbi ne yake cika shi da damina. Da rani yakan ja da baya, ya bar damshi inda ake noman rani, amma ya saba riƙe ruwa a lokacin da ƙananan tabkuna suka ƙafe. Shi ya sa masunta, masu lambu, makiyaya da tsuntsaye duk suke haɗuwa a kansa.

A shekara ta 2006 ƙasarmu Nijar ta miƙa sunan tabkin, tare da gandun dajinsa da kushewun waliyyai 99 da ke kewaye da shi, ga hukumar UNESCO, cikin jerin wuraren da take fatan a ɗauke su kayan tarihin duniya. A shekara ta 2019 kuma aka sa shi cikin jerin wurare masu dausayi na yarjejeniyar Ramsar, da faɗin fiye da hekta 500. Ramsar sunan wani gari ne a ƙasar Iran, inda aka sa hannu kan yarjejeniyar a 1971. Nijar ta shiga cikinta a 1987. Ƙasar da ta sa tabkinta a wannan jeri ta yi alkawarin kula da shi, da kuma faɗin gaskiya in ya soma lalacewa.

Amma ta yaya za a san tabki ya soma lalacewa? Yashi ba ya cika tabki rana ɗaya. Kifi ba ya ƙarewa rana ɗaya. Abu ne mai tafiya sannu a hankali, har mai zaune a bakin ruwa ba ya lura. Tsuntsaye suna cikin masu fara ba da labari. Zalɓe kifi yake ci. Kirinjijiya da dinya ciyawar ruwa da ƴaƴanta suke nema. In abincinsu ya ragu, ko ruwan ya gurɓace, sai su canza wuri. Wanda yake ƙirga su kowace shekara zai ga alamar tun da sauran gyara.

Ina ruwan manomi da tsuntsun daji?

Wani zai ce wannan aikin masu ƙoshi ne. A'a. Mu ɗauki shamuwa. Kowa ya san in ta sauka a kan kukar gari ko tsamiya, damina ta kusa, sai a shiga gyaran gona. Abin da ba kowa ya kula da shi ba shi ne abincinta. Fara da tsutsa ne mafi yawan abin da take ci. Masana daga ƙasar Danmak sun yi bincike a nan Nijar cikin shekarun 2000, suka ga yadda garken shamuwa yake bin fara yana cinye ta. Sun kuma ɗaura wa waɗansu shamuwoyi ƴan na'urori a baya, suna bin tafiyarsu ta tauraron ɗan Adam. Da damina ta wuce, sai shamuwoyin suka nufi gabas da kudu, har ƙasar Tanzaniya. Wato lokacin da muke cikin rani, ita tana can tana cin damina ta biyu. Balbela ma haka take: tana bin shanu tana tsince farar da suka tayar. Waɗannan ma'aikata ne da ba a biyan su, kuma ba sa bar wa hatsi guba.

Akwai kuma tsuntsun ɓarna. Jan-baki in ya sauka wa gero ko dawa lokacin da suka fitar da kai, manomi ya san abin da ake ciki. A nan ma rubutu yana da rana. Ma'aikatan kare amfanin gona suna bukatar su san inda garken yake kwana, tun wace rana, da kimanin yawansa. Wanda ya je da takarda ya ce, “a sarƙaƙiya kaza suke kwana, yau kwana 6,” ya fi taimako bisa wanda ya je yana cewa tsuntsaye sun gama da mu. Kuma sanin wurin daidai yana hana a fesa magani barkatai. Maganin da yake kashe jan-baki ba ya tambayar sunan tsuntsu. Shirwa ko ungulun da ta ci mushen ita ma tana iya bin sahu.

Ungulu kuwa aikin tsabta take yi mana. Mushe in ya kwana a bayan gari, ƙuda da karnuka ne suke taruwa a kansa, daga nan su shigo gida. Ungulu tana share shi kafin ya ruɓe. A shekara ta 2015 ƙungiyar IUCN, mai lura da halittun da ke neman ƙarewa, ta sa ungulun da muka saba gani a mahauta cikin waɗanda suke bakin ɓacewa daga duniya. Guba da ake sa wa mushe, da farautarta don sayar da kai da ƙafafu ga masu magani, su ne manyan dalilai a ƙasashenmu.

Labarai biyu da ya kamata a riƙe

A ƙasar Ingila akwai wata ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye, ana ce da ita BTO. Tun daga 1962 take tara rahoton masu sa kai. Ba ma'aikata ba ne. Mutane ne kamar ni da kai, kowa da ɗan filin da yake zagayawa kowace shekara yana rubuta tsuntsayen da suka yi sheƙa. A 1969 suka lura da wani abu. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, girmansa kamar na gwara, wanda yake haihuwa a can, ya ƙetare hamada ya zo ya yi sanyi a ƙasashenmu na Sahel. A wannan shekara kimanin kashi 3 cikin 4 na irinsa ba su koma ba. Da aka bi sawu, sai aka gano cewa ƙarancin ruwan da aka yi a Sahel a 1968 ne ya kashe su. Wannan fari shi ne ya ci gaba har ya kai ga yunwar 1973 da dattawanmu ba su manta ba. Ku duba fa: mutane masu kaye a wata ƙasa mai nisa sun ga alamar farinmu a jikin ɗan tsuntsu, don kawai suna da lissafin bara da na bana.

Labari na biyu a nan gida ya faru. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin mota a Burkina Faso, Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973, yana ƙirga ungulaye, mikiya da shaho. Bayan shekara 30, a 2003 da 2004, ya sake bin hanyoyin nan, a lokaci iri ɗaya na shekara, da tsari iri ɗaya. Sai ya tarar manyan ungulayen daji sun kusa ƙarewa a duk inda ba gandun da ake tsaro ba ne. Da bai ajiye kayensa na farko ba, da ba shi da hujja. Abin da zai iya cewa bai wuce abin da dattawanmu suke cewa ba.

Su wa suke ƙidayar?

Tun 1967 ake yin ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, a tsakiyar watan Janairu, wato watan 1. Ƙungiyar Wetlands International ce take haɗa sakamakon. An kafa reshen Afirka a 1991, kuma cikin shekarun 1990 aka soma zagaya tabkunan Nijar ana ƙirgawa. An zaɓi Janairu ne domin a lokacin baƙin tsuntsaye daga Turai da Asiya sun gama isowa, ba su soma shirin komawa ba. In kowa ya ƙirga cikin kwanaki ɗaya, ba za a ƙirga garke ɗaya sau biyu a ƙasa biyu ba.

A 2010 aka buɗe wata ma'ajiya a intanet don tara labarin tsuntsayen Nijar, wadda daga baya ta haɗa da Cadi da Burkina Faso. A Najeriya kuma cibiyar APLORI da ke kusa da Jos ta soma aikin taswirar tsuntsaye a 2015. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye, 9 a kwance. Samari da ƴan mata masu sa kai suna shiga gidajen da salula, suna rubuta duk tsuntsun da suka gani.

Duk da haka ma'aikata kaɗan ne, ƙasa kuwa da faɗi. Ma'aikacin gandun daji in ya zo ƙidaya, wuni ɗaya zai yi ya koma. Masunci kuwa kullum yana kan ruwa. Maharbi ya san kukan kowane tsuntsu, ya san inda yake kwana. Mata masu zuwa ɗiban ruwa da itace su ne sukan fara ganin sabon abu. Ilimin yana nan cikin gari. Rubutawa ce ta rage.

Yadda ake ƙirgawa

Kayan aiki ba su da yawa: kaye ɗaya da ba a haɗa shi da lissafin bashi ba, bik ko fensir, da agogo ko salula. Madubin hangen nesa yana taimako, amma rashinsa ba ya hana aiki.

Abu na farko, a zaɓi wuri ɗaya a tsaya a kansa. A ba shi suna da kowa zai gane, kamar mashayar shanu ko gindin gawon gaɓar yamma. Kowane wata a koma wurin nan, a rana ɗaya ta wata, da safe bayan fitowar rana, a yi awa ɗaya ko biyu. Wannan shi ne ginshiƙin aikin duka. Wanda ya ƙirga a gabas da safe cikin watan 1, sannan ya ƙirga a yamma da azahar cikin watan 2, lissafinsa biyu ba su gwaduwa da juna. Kamar mai awon gero ne da ya canza tiya a tsakiyar awo.

A tafi mutum biyu: ɗaya yana kallo yana faɗa, ɗaya yana rubutawa. A bar rana a bayanku don kada ta kashe ido. Kada a yi hayaniya, kada a tafi da kare, kada a jefa dutse don a tashe su. Tsuntsun da ya tashi ya ɓata lissafi. A fara daga hannun hagu a bi zuwa dama, ba a komawa baya.

In tsuntsayen kaɗan ne, a ƙirga su ɗaya-ɗaya. A ja sanda huɗu a tsaye, ta biyar ta gitta su, kamar yadda aka koya a aji. In garke ne babba, ga dabara. A ƙirga 10 daidai, a riƙe girmansu a ido. Sai a duba sau nawa irin wannan tarin zai shiga cikin garken. In ya shiga sau 24, to 10 sau 24 ya ba da 240. Sai a rubuta “wajen 240”. Kalmar “wajen” tana da muhimmanci, domin ita ce take nuna kintace aka yi. In mutum biyu suka kintata, ɗaya ya ce 200, ɗaya ya ce 280, a rubuta duka biyun. Ba abin kunya ba ne.

Ga misalin layi ɗaya na kaye:

15 ga watan 1, ƙarfe 7 zuwa 9, mashayar shanu. Hazo kaɗan. Ruwa ya ja baya taki 30 daga gindin gawo. Kirinjijiya wajen 240, balbela 55, zalɓe 6, dinya 4, gauraka 0.

Ku lura da sifirin nan na ƙarshe. Mutane da yawa sukan ga kamar ba amfanin rubuta abin da ba a gani ba. Kuskure ne. “Gauraka 0” yana nufin an duba ba a gani ba. In ba a rubuta kome ba, mai karantawa ba zai san ko babu ne, ko mantawa aka yi ba.

Sai batun suna. In ba ku san tsuntsu ba, kada ku laƙa masa sunan wani. Ku rubuta kamanninsa: girmansa kamar na kurciya ne ko na zabo, launin baki da ƙafa, doguwar wuya ko gajera, a ruwa yake iyo ko a taɓo yake tafiya. Sunaye ma sukan bambanta daga gari zuwa gari. Abin da Bakatsine ya kira da suna kaza, Bagobiri yana iya kiransa da wani. Saboda haka ranar da ma'aikaci ya zo da littafin hotunan tsuntsaye, a zauna da shi da maharba, a daidaita kowane suna da hotonsa, a rubuta a shafin farko na kayen.

Babban abin da yake kashe wannan aiki shi ne ƙari. Wani yakan ƙara lamba don a ce garinsu ya fi, ko don yana zaton wata ƙungiya za ta kawo kuɗi. Wani kuma yakan rage, don kalmar ƙidaya tana tuna masa haraji da jangali. Ba a biyan haraji a kan zalɓe. Lambar ƙarya guda ɗaya kuwa tana iya sa a yi watsi da kaye sukutum.

Garin da ba shi da tabki

Wanda yake nesa da ruwa shi ma yana da aikin yi, kuma nasa ya fi sauƙi. Shamuwa cikin gari take sheƙa. A rubuta ranar da aka fara ganinta a bana. Bayan wata ɗaya a zagaya gari a ƙirga sheƙunan da ke da tsuntsu a ciki, ba tsuntsayen kansu ba, domin su suna fita kiwo, sheƙa kuwa ba ta tashi. A rubuta irin itacen: kuka ce, tsamiya ce, gawo ne ko bedi. In ƴaƴa sun girma har ana hango su, a ƙirga su daga ƙasa. Kada yaro ya hau. A rubuta ranar da suka tashi suka bar gari. In akwai ma'aunin ruwan sama a garin, a ajiye lissafinsa kusa da na shamuwa. Bayan shekara 5 ko 10 mutanen garin da kansu za su iya duba ko kwana nawa ne tsakanin zuwanta da ruwan shuka. In kuma aka sare wata babbar kuka, kayen zai nuna sheƙa nawa suka tafi da ita.

Haka nan ungulu: ranar kasuwa, a tsaya a mahauta lokacin fiɗa, a ƙirga waɗanda suka sauka. Amma inda take sheƙa, wannan tsakaninku da ma'aikacin gandun daji ne. Ba labarin bakin kasuwa ba ne, don masu neman kanta suna da kunne.

Zobe a ƙafa, da mushen tsuntsu

Wani lokaci masunci yakan tarar da tsuntsu a cikin koma da ɗan zoben ƙarfe a ƙafa. Ba laya ba ce, ba kuma abin tsoro ba ne. Masana ne suka sa masa a ƙasar da aka ƙyanƙyashe shi ko inda ya yada zango. A jikin zoben akwai lamba da sunan gari ko ƙasa. A kwafe su daidai, baƙi bayan baƙi, a haɗa da rana da wuri. In tsuntsun yana da rai a sake shi da zobensa. Ta irin wannan hanya aka san cewa waɗansu agwagin da muke gani da sanyi daga Turai da Rasha suke zuwa.

Mushe kuwa sai an yi hankali. A watan Fabrairu na 2006 cutar murar tsuntsaye ta ɓulla a Magariya, cikin jihar Damagaram, bayan ta bayyana a arewacin Najeriya. Daga baya cikin shekarar ta ɓulla a gundumar Madarunfa. Cuta ce mai share kaji, tana kuma iya kama mutum. In kuka ga tsuntsaye da yawa sun mutu wuri ɗaya, na daji ko na gida, kada a taɓa su da hannu. Kada a ci, kada a sayar, kada a jefa cikin tabki ko rijiya. A hana yara da kaji zuwa wurin. Wanda ya riga ya taɓa ya wanke hannu da sabulu nan take, in kuma zazzaɓi ya kama shi ya je asibiti ya faɗi abin da ya taɓa. A rubuta rana, wuri, irin tsuntsun da yawansu, a kai wa malamin dabbobi a ranar, ba gobe ba. Kashe tsuntsayen daji ba maganin wannan cuta ba ne. Sau da yawa ma a cikin kwandon kajin kasuwa take tafiya daga gari zuwa gari.

Ina za a kai kayen?

Kada kaye ya bar gari. A kwafe lissafin a wata takarda, a kai wa ma'aikatan muhalli da gandun daji na Madarunfa, ko a ba malamin gona ya isar. Mai salula yana iya ɗaukar hoton shafin ya aika. Malamai da ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi su ma masu bukatar irin wannan lissafi ne. Amma a ra'ayinmu, duk wanda ya karɓi lissafin gari, haƙƙi ne a kansa ya komo ya gaya wa mutanen gari abin da ya gano. Ku tambaya. In shekara ta zagayo, a karanta kayen a gaban mai gari da jama'a, a gwada bara da bana. Ranar da za a yi shawara kan sare itatuwan bakin tabki, ko kan iyakar lambuna da mashaya, mai kaye yana da abin ajiyewa a kan tabarma.

Aikin aji

Malami ya raba ɗalibai biyu-biyu. Kowane rukuni ya rubuta sunayen tsuntsaye 10 da ya sani, a karanta, a ga waɗanda sunansu ya sha bamban. Sannan a watsa tsabar wake a kan tabarma, kowa ya kintata yawanta da dabarar goma-goma ba tare da ya taɓa ba, ya rubuta. Daga baya a ƙirga ɗaya-ɗaya, a ga wanda ya fi kusa. A maimaita sau 3. Kafin a tashi, aji ya zaɓi wurin tsayawarsa, da ranar wata, da mutum biyun da za su riƙe kayen.